Yunit Nawa, Mama?

Alhamis, 6:40 na safe

312.

Na fara da lambar don haka Mama take yi, kafin ma a gaisa sai an rubuta abin da mitar gwajin suga ta nuna. Littafinta na suga ban san inda ta ɓoye shi ba, jiya na birkice ɗakin kaf ban gani ba. Waɗannan takardun shagonmu ne da suka lalace, na haɗa su na ɗinke, bayan kowane shafi akwai rabin takardar neman aikin wani bawan Allah. A nan zan dinga rubutu. Ni da ko ƙuraje suka fito min sai na ɗora a sitatus, yau kwana biyu ban ɗora komai ba, har an fara tambayata ko sace min waya aka yi.

Mama tana asibiti tun Talata. Ɗaki na huɗu, gadon jikin taga. Idonta biyu, tana bin mutum da kallo, amma ba ta magana, hannun dama da ƙafar dama kuma ba sa motsi. Iya abin da zan rubuta ke nan a kan wannan.

Ga abin da kunya ta hana ni gaya wa kowa. Shekarata ashirin da uku. Tun ina 'yar bakwai nake da ciwon suga, irin wanda jiki ya daina yin insulin gaba ɗaya, sai dai allura har mutuwa. Sokawa kam na iya, ko idona a rufe. Amma yunit nawa za a soka, wannan aikin Mama ne. Ta kalli mita, ta kalli faranti, ta ɗan karkace kai ta ce "biyar." Ko ta ce "huɗu, kuma ki cinye shi tas." In zan tafi shago sai ta zuba min abinci a kula, ta manna farin tef a murfin ta rubuta lambar. Shekara goma sha shida muna haka.

Biron allurar insulin biyu gare ni. Mai ruwan toka ba shi da matsala, yunit sha takwas ne kullum da yamma, ba ya canzawa. Mai ruwan lemo, na cin abinci, shi ne damuwar.

Ga burodi ga shayi a gabana. Har sun huce.

Alhamis, 1:15 na rana

Uku na yi. Na ga uku ba za ta kashe kowa ba. 340.

Juma'a, 5:30 na yamma

Yaya ya iso jiya, ya bar wa abokin aikinsa motar kaya a hanya ya hawo ta haya. Yana ganina ya ce, "Rediyo, yau kuma batirinki ne ya mutu?" Haka yake kirana tun ina ƙarama, wai ba na yin shiru. Na yi ƙoƙarin dariya, sai kuka ya fito.

Likita ya sake tambaya ƙarfe nawa abin ya fara. Ya ce da an san lokacin, akwai maganin da ake bayarwa in ba a wuce wasu awoyi ba. Na ce ban sani ba.

Yaya ya ce, "Ba kina gida ba?"

Na ce ina ɗaki.

Ya ce, "Daga ɗakinki zuwa kicin taku nawa ne?"

Likitan ya ce a bar maganar, ta riga ta wuce.

Iyafis ɗin da na toshe kunnena da shi ina jin waƙa ranar da ta faɗi a kicin, na jefa shi a shara da na dawo. Sabo ne ma, na watan jiya.

Asabar, 2:00 na rana

Akwai guruf ɗinmu na masu suga a waya, mun fi mutum ɗari biyu. Ni ce sarauniyar surutu a ciki, kowa ya shigo sabo ni nake masa maraba, in ce kar ya damu ciwon nan ba komai ba ne, ga ni nan garau. Yau na ɗauki hoton shinkafa da wake na tura, na ce don Allah yunit nawa ya kamata.

Wata ta ce huɗu. Wani ya ce shi goma yake yi wa irin wannan. Wani ya ce in bar allurar gaba ɗaya, akwai ganyen da zai aiko min in jiƙa. Wata ta turo hoton turarukan da take sayarwa.

Sai wata 'yar guruf da ke kiran kanta Alawa ta biyo ni ta gefe. Ba mu taɓa haɗuwa ba, ban ma san sunanta na gaskiya ba, amma shekara uku kullum sai mun yi hira. Ta turo murya: "Ke lafiyarki ƙalau? Ana tambayar wannan a guruf? Jikina ai ba jikinki ba ne. Likitanki bai ba ki lissafi ba?"

Na ce Mama ya ba wa.

Ta ce, "Ke kina ina lokacin?"

Na ce ina zaune a wajen, ina danna waya.

Ta daɗe tana rubutu tana gogewa, ina ganin alamar. Daga ƙarshe ta ce in je asibitin suga ranar Litinin. Na duba katina, sai wata mai zuwa nake da ranar ganin likita. Kuma in je in ce masa me? Ƙatuwa da ni.

Huɗu na yi.

Lahadi, 9:20 na safe

295. Na san kaɗan nake yi. Da gangan ne.

In suga ya hau, ƙishi ne da fitsari da kasala, mutum yana tsaye da ƙafarsa. In ya faɗi kuwa ba ya sallama. Sau ɗaya tak na taɓa zaɓar wa kaina lamba, ina aji uku a sakandare. Tef ɗin kula ya ɓalle a jaka, na ce ai na girma, na yi abin da na ga dama. A asibiti na farka, leɓena a fashe, Mama ba takalmi a ƙafarta, da gudu ta fito daga gida. Ranar ta ce, "Auta, daga yau ni ce lissafinki." Makarantar ma ban koma ba bayan zangon nan. Ta ce ta fi son ganina a kusa, ni kuma dama lissafi ba ya shiga kaina, sai na ji daɗi.

Wallahi daɗi na ji a lokacin.

Litinin, 4:45 na yamma

Na koma shago. Aikina fotokwafi, buga takardu, da liƙa leda a jikin satifiket. Oga ya ce in zauna a gida, na ce gidan ne ba na son zama.

Sau tara na shiga banɗaki. Na ƙirga. Oga ya ce, "Ko in mayar miki da injin can ciki ne ki huta da zirga-zirga?" Mutumin kirki ne, tsufa ya sa masa tsokana. Na shanye ruwan jarkar shago har ya leƙa ko yoyo take. Rubutun kwamfuta sai in ga ya yi hazo, sai na matso kamar tsohuwa.

Da yamma na je wajen Mama. Na shafa mata mai a ƙafa, na ba ta labarin matar da ta kawo hoton mijinta a cire mata shi daga hoton biki. Da can da ta yi dariya har ta riƙe ciki. Gefen bakinta na hagu ya ɗan motsa. Ko ni ce na ga dama na gani, oho.

Talata, 7:05 na safe

Sati ɗaya da faɗuwar Mama. Ban shiga kicin ba sai da Yaya ya fara shiga.

Laraba, 3:30 na yamma

Bari in rubuta kafin in manta komai.

Da rana na tafi asibiti da kulata, don Yaya ya je ya yi wanka. Na zauna a bakin gado ta ɓangaren hagu, na gwada, 280. Na buɗe kula, taliya ce da ƙwai. Ban ma san lokacin da bakina ya ce "Mama, yunit nawa?" ba. Sabo ne kawai.

Ta kalli mita. Ta kalli abincin. Sai hannunta na hagu ya lalubo tsintsiyar hannuna, ta fara bugawa da ɗan yatsa. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida. Ta tsaya. Tana kallona.

Na ce, "Shida?"

Ta lumshe ido.

Shida na yi. Na cinye tas. Na zauna ina kallon agogo awa biyu kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. 158.

Ɗari da hamsin da takwas. Rabona da ganin lamba mai farawa da ɗaya tun ranar Talatar can. Na nuna mata mitar, na sa kaina a kafaɗarta na yi ta kuka, matar gadon kusa tana ta ba ni haƙuri ta zaci wani abu ne ya faru. Mama tana nan a ciki. Bakin ne kawai ya rufe.

Alhamis, 8:10 na safe

Na tsara abin. Zan dinga fitowa da wuri in biya asibiti da abincin safe da na rana, in nuna mata ɗaya bayan ɗaya, ta buga min, in rubuta na rana a tef da kaina. Yau na safe huɗu, na rana biyar.

Na ɗora sitatus, hoton hannunmu ni da ita. Mutum tamanin sun gani kafin in isa shago.

Alhamis, 6:00 na yamma

176 bayan na safe, 201 bayan na rana. Ba laifi. Alawa ta ce na je wajen likitan? Na ce an samu mafita. Ta turo min fuskar nan mai ɗaga gira ɗaya.

Juma'a, 8:30 na safe

Yaya ya gan ni a gefen gadon Mama ina motsa baki, ya ce, "Me kike ƙirgawa?" Na ce addu'a nake yi. Ya ce, "Da lamba?" Na ce kowa da irin tasa.

Ban san dalilin da ya sa na ɓoye masa ba. Na sani. Ba zan rubuta ba.

Asabar, 8:00 na safe

Na rana yau shinkafa ce 'yar kaɗan, ko rabin kula ba ta kai ba, don gas ya ƙare ina cikin girki. Na nuna mata. Ta buga tara.

Na ce, "Mama, tara? Kin ga kaɗan ce fa."

Ta lumshe ido.

Na rubuta 9 a tef. Shekara goma sha shida ba ta taɓa kuskure ba. Wace ce ni?

Litinin, 11:00 na safe

Ina kwance a ɗaki na biyu. Mama tana na huɗu. Bango biyu tsakaninmu.

Litinin, 4:20 na yamma

Abin da na iya tunawa. Asabar da rana na yi taran, na ci shinkafar, loma nawa ce ma. Wata mata ta shigo da satifiket ɗinta na koyon aikin jinya, na asali, a cikin tsohuwar ambulan, ta ce a sa masa leda don ranar Laraba za ta kai shi wajen neman aiki. Ta ce, "'Yata ki bi shi a hankali, shi kaɗai gare ni." Na ce kar ki damu Anti, aikina ne. Na tuna ina jin gumi a bayan wuyana. Na tuna ina kallon ledar na rasa ta wane gefe ake buɗe ta. Shi ke nan.

Sauran Oga ne ya ba ni labari. Wai na tura takardar a karkace ba leda, injin ya tauna ta, ni kuma ina tsaye ina dariya. Matar ta yi ta min faɗa ta zaci shaye-shaye nake. Sai na zame ƙasa. Da ya ga ba zan iya haɗiye lemo ba, sai ya dinga shafa min sikarin shayinsa a cikin kunci har aka samo mota. A nan asibiti suka gwada, 34.

Satifiket ɗin rabi ya ƙone, rabi ya yage. Sunanta ma ba ya karantuwa.

Ita ce dai take ta dawo min a rai, ba ni ba. Yadda ta riƙo ambulan ɗin da hannu biyu.

Talata, 10:15 na safe

Akwai wata nas daga ɓangaren masu suga, Sista Mai Tabarau nake ce mata. Ta zo ta ja kujera ta ce, "To 'yan mata, wa ya ce ki yi tara?"

Na kau da kai. Yaya yana tsaye a bakin ƙofa.

Ta ce, "Ni ba 'yar sanda ba ce. Ina son in san wanda zan gyara wa lissafi."

Na ce Mama ce.

Yaya ya ce, "Wace Mamar?"

Na faɗa musu komai. Yaya ya riƙe kansa ya fita. Sista ta ce in sa takalmi in biyo ta. Ta tsayar da ni a ƙofar ɗaki na huɗu ta ce kar in shiga, in kalla kawai.

Mama ita kaɗai ce, ba kowa kusa da ita. Tana buga ƙarfen gado da yatsa. Ta yi uku ta tsaya. Ta yi bakwai. Ta yi biyu.

Sista ta ce, "Haka take yi wa kowa. Jiya ni goma sha ɗaya ta ba ni."

Na ce amma ta kalli abincin, ta kalli mitar, na gani da idona. Na ce ranar farko daidai ta faɗa.

Ta ce, "Ban ce ba ta gane ki ba. Wataƙila ma lambar tana nan daidai a ranta. Amma hanyar da ke tsakanin ran da yatsan ta lalace. Tana iya nufin uku hannu ya buga tara, kuma ita ba ta san ya yi haka ba."

Na ce to yaushe zai gyaru.

Ta cire tabarau ta goge da gefen rigarta. Ta ce mu koma, ƙafata ba ta yi ƙwari ba tukuna.

Talata, 5:00 na yamma

Na goge hoton hannunmu.

Laraba, 12:30 na rana

Yau ne matar nan za ta kai satifiket.

Sista ta zo da ludayi, na gaske, daga kicin ɗin asibiti, da takarda da likita ya sa wa hannu. Ta ce wannan nawa ne ni kaɗai, kar in ba kowa a guruf. Ludayi ɗaya na shinkafa ko taliya, yunit biyu. Yankan burodi ɗaya, yunit ɗaya. Nama da ƙwai da ganye ba a ƙirga su. In mita ta wuce 150, kowane hamsin da ya hau a kai in ƙara ɗaya. Kuma kar in sake yin wata allurar kafin awa huɗu ko da lambar ta ba ni haushi.

Ta ce, "Ludayi biyu da rabi, mita 250. Nawa?"

Na ce shida. Na ce a'a takwas. Na fara ƙirga yatsu, sai na tuna, na ɓoye hannuna a ƙarƙashin zani.

Ta ce, "Ke da kike riƙe lambar wayar mutum ɗari a ka? Bakwai ne. Sake."

Sau goma muka yi, huɗu na ci. Ta ce an fara. Na ce Sista in na yi kuskure a jarrabawa jan biro ne, a nan kuwa fa? Ta ce shi ya sa alawa za ta zauna a aljihuna, ba a jaka ba, in suga ya faɗi in jefa a baki.

Alhamis, 6:30 na yamma

An sallame ni. A mota, sai da muka kusa gida Yaya ya ce, "Ni yanzu mutum biyu zan yi jinya? Ita ta kwanta, ke kuma ki bi ta? Ko so kike ki ƙarasa abin da" sai ya tsaya.

Na ce ƙarasa mana.

Ya ce ba abin da zai ce.

Na ce ai na san me za ka ce, kullum ni ma shi nake gaya wa kaina.

Da muka shiga gida ya wuce kicin ya dafa min ƙwai biyu, ya ƙona su. Ya ce, "Wai wannan ba a ƙirga shi ko? To ci, Rediyo." Na ci da ƙonon.

Asabar, 1:00 na rana

Oga ya aiko a karɓi takardar Sista, ya dawo min da ita a cikin leda, gefenta a yanke sumul. Tare da saƙo wai in huta tukuna sai abubuwa sun daidaita. Ya sa 'yar ƙanwarsa a injin. Ban ga laifinsa ba. Na tambayi lambar matar, ya ce gara in bari.

243.

Lahadi, 7:30 na safe

268. Jiya lissafi ya ce shida, na yi huɗu. Hannuna ya ƙi murza biron.

Litinin, 3:10 na yamma

Na yi yadda takarda ta ce. Bayan awa uku 74, na cinye alawa biyar da ayaba biyu a tsaye don tsoro. Yanzu 290. Alawa ta ce kowa haka ya fara, ita ma ta yi shekara tana hawa da sauka. Na ce ke kin fara kina da uwa a tsaye. Na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, amma gajere ta rubuta.

Wani sabo ya shigo guruf, yaronsa aka gano wa ciwon. Ana ta kiran sunana in zo in yi masa maraba. Na kashe data.

Talata, 9:00 na safe

Sati uku.

Abin ba ya hutu. Ka gama na safe na rana yana jiranka. Sau uku kullum, kowace loma sai an yi mata hisabi. Mama ta yi wannan tun ina 'yar bakwai, ga ɗinkinta, ga gida, bayan Baba ya rasu ita kaɗai. Matar da ba ta gama firamare ba. Ni ina miƙo ciki kawai ina kallon bidiyo. Ko sau ɗaya ban taɓa ce mata sannu ba. Ban ma taɓa tunanin aiki ne ba.

Ina zuwa wajenta kullum amma na daina cin abinci a gabanta. Tana kallon jakata, tana kallon agogon bango in rana ta yi. Sai in ce na ci a gida. Sai ta kamo hannuna ta fara bugawa, ni kuma in yi ta ba ta labarin banza da ƙarfi.

Alhamis, 2:40 na rana

Na gaji.

Juma'a, 6:15 na yamma

Sun ce gobe za a sallami Mama. Na ce ta warke ke nan? Likita ya ce abin da ya rage a gida ake yinsa, mai motsa mata jiki zai dinga zuwa sau biyu a sati. Yaya ya samo keken marasa lafiya, tayar hagu tana ƙara. Mun sauko da katifarta falo don ƙofar ɗakinta ta yi wa keken kaɗan. Jibi zai koma kan hanya, in bai koma ba za su ba wani motar. Ya ce zai dinga kira safe da yamma, kuma in dinga turo masa hoton mita. Na ce ka san me lambobin suke nufi? Ya ce a'a, amma ki turo.

Lahadi, 5:50 na yamma

Yaya ya tafi da safe. Daga ni sai ita.

Da safe na ci nawa a kicin a tsaye. Na kawo mata nata ta rufe baki. Da rana ma haka, na kai cokali ta kau da kai tana kallon wajen da na saba zama a tabarma. Tun da na yi wayo ba ta taɓa cin abinci ba sai ta ga na fara. Maganinta kuma ba a sha da yunwa.

To na ɗauko farantina na zauna a gabanta. Shinkafa ludayi biyu, na auna a kicin. Na gwada, 250. Huɗu na abinci, biyu na gyara, shida. Sau uku na duba takardar kafin in fito.

Ta kalli mita. Ta kalli faranti. Ta ɗan karkace kai yadda take yi. Ta kamo hannuna ta buga uku.

Na ce, "Uku. To Mama, na gode."

Na juya mata gefe na fara murza biron. Abin da ban yi tunani ba, biron yana ƙara, kowane yunit sai ya ce ƙas. Falon shiru, ko fanka ba a kunna ba. Ƙas, ƙas, ƙas. Da na yi na huɗu sai na ji ta damƙe tsintsiyar hannuna.

Ban san hannun hagunta yana da ƙarfi haka ba. Idonta ya fito, tana wani sauti a maƙogwaro, tana girgiza kai, tana jan hannun nawa daga cikina. Irin fuskar da na gani ranar da na farka ina aji uku. Tsoro take ji kar in kashe kaina.

Na ce, "Mama, likita ne ya rubuta. Kin ga takardar." Na ce, "Mama na iya, an koya min." Na ce, "Don Allah ki sake ni."

Ba ta sake ba.

Sai na ɓamɓare yatsunta. Ɗaya bayan ɗaya, ina ɓamɓare wannan tana mayar da wancan, har na haɗa su na danne a kan cinyarta da gwiwar hannuna. Na ƙarasa biyar, shida. Na soka tana kallo.

Da na sake ta ba ta ƙara kamo ni ba. Ta mayar da hannun ƙarƙashin bargo, ta juya fuskarta bango. Na cinye shinkafar tas. Nata yana nan a rufe.

Lahadi, 8:30 na yamma

141.

Na kai mata mitar har gaban fuskarta. Idonta biyu. Ba ta kalla ba.